Wa'adin takardar ƙwarewa a ergonomi ya kusa cika: yaya ake tara shaidar ƙaro ilimi daga nan Damagaram?

Ɗan Zango ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai da ƴan'uwa masu aikin kare lafiyar ma'aikata. Ina neman haske. Ina riƙe da lambar Eur.Erg, takardar shaidar ƙwarewa ta Turai, a fannin ergonomi, wato ilimin daidaita aiki da jiki da hankalin mai yinsa. Shekara 3 sun wuce cikin 5, saura 2 a nemi dosiyen sabuntawa. Aikin kuma duk a nan Damagaram yake: magaza na ajiyar kaya, shagunan teloli, ofisoshi, jefi-jefi kuma majema. Manyan tarurrukan fannin a Turai da Asiya ake yinsu, kuɗin jirgi da biza kuwa kowa ya san yadda suke.

Abin da nake son sani: me ake lissafawa a matsayin ƙaro ilimi? Aikin yau da kullum yana shiga ko sai kwas? Wace irin shaida ake karɓa, takardar halartar taro kaɗai ko akwai wata? Me ke sa a mayar wa mutum da dosiyensa? Akwai abokan aiki biyu, ɗaya mai lambar Amurka ɗaya mai ta Ingila, su ma amsar za ta yi musu amfani. Allah ya saka da alheri.

Malam na Birni ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi kyan kai da ka tambaya tun da sauran shekara 2, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Da farko a raba hukumomin, don kowace da tsarinta. Lambarka ta Eur.Erg cibiyar CREE, mai rajistar ƙwararrun ergonomi na Turai, ce ke bayar da ita, a Faransa kuma ƙungiyar ARTEE ce ke duba dosiye kafin ya wuce gaba. Wa'adinta shekara 5. Abin da ake son gani wajen sabuntawa iri biyu ne: cewa har yanzu aikin ergonomi kake yi da hannunka, da cewa iliminka bai tsaya inda ya tsaya ranar da aka ba ka lambar ba. Abokinka mai ta Amurka yana ƙarƙashin BCPE, hukumar da aka kafa a 1990, mai bayar da lambobin ƙwarewa na CPE da CHFP da CUXP. Nasu lissafin maki ne: maki 100 cikin shekara 5, ga kuma kuɗin da ake biya kowace shekara. Mai ta Ingila yana ƙarƙashin CIEHF, cibiyar ƙwararrun ergonomi ta Birtaniya, wadda tushenta ya faro tun 1949. Shi ba ya jiran shekara 5, duk shekara sai ya shigar da abin da ya koya da abin da yake shirin koyo a gaba. Su ƴan Ingila ba yawan awoyi ya fi damunsu ba, so suke ka faɗi me ka koya kuma me ya canza a aikinka.

Tunda kana aiki a wajen Turai, ka rubuta wa ARTEE tun yanzu. Ka sanar da su adireshinka da inda kake aiki, ka nemi fom ɗin sabuntawa na yanzu da ranar rufe karɓa, ka nemi su faɗa maka a rubuce yadda za a lissafa aikin da ka yi a Nijar. Amsar ka buga ta ka sa a farkon dosiye. Kada ka yi aiki da fom ɗin da ka cika shekara 3 da suka wuce, hukumomin nan suna gyara fom da ƙa'ida.

Aikin yau da kullum yana shiga, amma a gidansa. Shi shaida ne cewa kana cikin sana'ar. Ba ya zama ƙaro ilimi sai in akwai sabon abu a cikinsa: hanyar awo da ba ka taɓa amfani da ita ba, irin sana'ar da ba ka taɓa shiga ba, ko ƙa'idar da aka sabunta ka koma ka karanta. Auna teburin kwamfuta karo na 40 da hanya ɗaya aiki ne. Shiga majema karon farko, ka zauna ka gano yadda za a auna sunkuyon mai kankare fata, wannan aiki ne kuma karatu ne.

Sauran abubuwan da kusan duk hukumomin ke karɓa su ne kwas da bita, ko ido da ido ko ta intanet. Koyar da wasu. Rubutu da gabatar da maƙala. Hidima ga ƙungiyar sana'a ko kwamitin ƙa'idoji. Kula da ɗalibi ko sabon shiga. Da karatun kai. Inda ake lissafin maki, ka duba iyakar kowane gida. Mutum na iya tara abu da yawa a gida ɗaya, a ce masa rabinsa kaɗai za a ɗauka.

Yanzu zancen shaida, wanda shi ne wurin da mutane suka fi faɗuwa. Ka buɗe littafi guda, ko na takarda ko a kwamfuta, ka ba kowane abu layinsa a ranar da aka yi shi. A layin ka sa kwanan wata, sunan abin, wanda ya shirya, awoyin da aka yi na gaskiya ban da hutun sallah da abinci, gidan da ya faɗa, da lambar takardar shaidarsa. Ƙarƙashinsa jimla 3 ko 4: me na koya, a ina na yi amfani da shi, me ya rage ban iya ba. Minti 10 ya isa in an yi da zafinsa. In aka bari sai bayan shekara 2, ba mai tuna ko bitar nan ta kwana 2 ce ko 3.

Takardar halarta ita kaɗai ba ta da ƙarfi. Irin waɗanda ake rabawa a ƙarshen bita a nan sau da yawa suna da sunanka da hatimi, amma ba awoyi, ba jerin darussa. Mai duba dosiye a Faransa ba shi da hanyar sanin ko an taɓo ergonomi a ciki. Saboda haka ka haɗa ta da jadawalin bitar, in ya yiwu ka nemi mai shiryawa ya rubuta awoyi a jiki tun kafin ya sa hannu. Na intanet kuma ka ajiye saƙon rajista da saƙon da ke tabbatar da ka halarta, hoton allo kaɗai ba ya wadatarwa. Kowace takarda a ɗauke ta hoto ranar da aka karɓe ta, a ajiye a wuri biyu. Ƙura da gara da ruwan damina ba sa barin takarda, wayar hannu kuma tana ɓata.

Abubuwan da ke sa a mayar da dosiye kusan kullum su ne waɗannan. Duk shaidun sun taru a watanni 6 na ƙarshe, shekaru 4 na farko fayau. An cika dosiye da bitar kashe gobara da agajin gaggawa, waɗanda suna da kyau amma ba ergonomi ba ne. An lissafa abu ɗaya sau biyu, misali darasin da ka koyar sau 5 ba tare da canji ba ka sa shi a matsayin abu 5. An sa aikin da ya faɗo kafin ranar da wa'adin ya fara. Ko kuma an manta da kuɗin shekara, lambar ta faɗi tun kafin a zo maganar ilimi. Wannan na ƙarshen yana ba ni takaici ƙwarai, don biyan kuɗi zuwa waje daga nan yakan ɗauki lokaci, sai a fara shi da wata guda a gaba.

Hajiya Mai Awo ta amsa:

Sannu da ƙoƙari Malam, ka share hanya. Ni zan tsaya kan abin da ya kamata a koya, don ina ganin wanda ke Damagaram yana da abin karatu a ƙofar gidansa da na Turai bai da shi.

Ɗana, ka ɗauki lissafin ɗaga kaya na NIOSH, cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, wanda aka gyara a 1991. Kowa ya haddace shi a makaranta: kilo 23 a ninka da ma'aunai 6. To a gwada shi kan ɗan dako mai ɗaukar buhun siminti na kilo 50 daga ƙasa zuwa bayan mota. A ce hannunsa na nesa da tsakiyar idon sawunsa da santimita 40, ma'aunin nisa ya zama 25 a raba da 40, wato 0.63. Hannun na sama da ƙasa da santimita 15 lokacin kamawa, ma'aunin tsayi 0.82. Zai kai buhun tsayin santimita 120, tafiyar santimita 105 ke nan, ma'auninta 0.86. Yana murɗa ƙugu digiri 45, wannan ma 0.86. Buhu 2 a minti, na tsawon awa 2, ma'aunin 0.84. Buhu ba shi da mariƙi, 0.90. In ka ninka duka, nauyin da ya dace da wannan ɗagawar bai wuce kilo 6.6 ba. Kilo 50 a raba da 6.6 ya ba ka kusan 7.6, wato adadin da ke nuna girman haɗarin, alhali abin da ya haura 3 ma haɗari ne babba.

Sai a gyara. A ɗora buhunan kan dakali har hannu ya kama a santimita 75, a matso da su jiki zuwa santimita 30, a juya motar yadda ba sai ya murɗa ba. Nauyin da ya dace ya hau zuwa kilo 13.3, lissafin ya sauko 3.8. An samu sauƙi, amma ba a fita daga haɗari ba. In aka ce a raba kayan zuwa kilo 25, nan ne masu gaggawa ke kuskure, sai su ce lissafin ya koma 1.9. Sun manta cewa in ana son sauke kaya iri ɗaya cikin lokaci ɗaya, ɗagawar ta koma 4 a minti, ma'aunin ya faɗi zuwa 0.72, lissafin gaskiya kusan 2.2 ne.

Amma ga inda karatun yake. Wannan lissafin an gina shi ne kan sharuɗɗa: hannu biyu, a tsaye, ƙasa ba santsi, aiki bai wuce awa 8 ba, zafin wuri tsakanin digiri 19 da 26, laimar iska tsakanin kashi 35 da 50 cikin 100. Bai shafi tafiya da kaya ba, bai shafi tura kura ko baro ba, balle ɗaukar kaya a ka da gammo. Ka duba Kasuwar Dole ranar Alhamis a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, mutum ya sunkuya, abokinsa ya taya shi ɗora buhu a wuya, ya taka katako ya hau mota. Sharaɗi nawa ya rage a tsaye? Ƙwararre shi ne wanda zai rubuta a rahotonsa cewa wannan adadin bai ɗauki zafi a lissafi ba, don haka haɗarin gaskiya ya fi haka, sannan ya kawo wani awon ya cike giɓin. Wanda ya zauna ya karanta ISO 11228-1, ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan ɗaga kaya da ɗaukarsu, wadda aka fara fitarwa a 2003 aka sabunta a 2021, ya kwatanta ta da NIOSH, ya rubuta shafi 2 kan inda kowace ta gaza a wurinmu, ya yi ƙaro ilimi na gaske, kuma yana da abin nunawa.

Zafin kansa fanni ne da ya cancanci shekara guda cikin shirinka. ISO 7243, ƙa'idar auna zafi a wurin aiki, an sabunta ta a 2017, aka shigo da gyaran lissafi saboda irin tufafin da ke jikin ma'aikaci. Wanda har yau ke aiki da bugun 1989 an bar shi a baya. Awon WBGT, wato adadin da ke nuna nauyin zafi a jikin ma'aikaci, a cikin rana shi ne kashi 0.7 na ma'aunin zafi mai jiƙaƙƙen lagwani, 0.2 na baƙar ƙwallo mai faɗin milimita 150, da 0.1 na zafin iska. Misali lagwani ya nuna 25, ƙwallo 58, iska 42: jimla 33.3. Ga wanda jikinsa ya saba da zafi, iyakar aiki matsakaici kusan 28 ce, aiki mai nauyi kusan 26. Dako aiki ne mai nauyi, ka ga tazarar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora na'urar a karanta nan take. Ƙwallon na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya daidaita, lagwanin kuma sai da ruwa mai tsabta, in ƙura ta toshe shi ko ya bushe sai ya ba da adadin ƙarya. Wani abin lura: tunda lagwani ke da kashi 0.7, ranar da hadari ya fara haɗowa iska ta yi laima tana iya fin ranar busasshen zafi haɗari, ko da ma'aunin bango ya nuna ƙasa da na jiya.

Daga awon sai shawara. Sabon ma'aikaci ba a jefa shi cikin cikakken aikin zafi ranar farko, ana fara masa da kashi 20 cikin 100, a riƙa ƙarawa da kaɗan-kaɗan, jiki na ɗaukar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba. Ruwa kofi guda duk minti 15 zuwa 20. In azumi ya faɗo lokacin zafi wannan shawarar ruwan ba ta aiki da rana, sai a koma ga tsarin lokaci: lodi mai nauyi bayan asuba ko bayan buɗa-baki, rumfa a wurin lodi, hutu mai tsawo tsakanin azahar da la'asar. Littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba su cika tsayawa kan wannan ba. Rubuta shi da kyau, da awo kafin gyara da awo bayan gyara, abu ne da za a saurara a taron SELF, ƙungiyar masana ergonomi masu aiki da Faransanci da aka kafa a 1963, wadda ke taro duk shekara.

Kada kuma ka tsaya kan jiki kaɗai. Ma'anar ergonomi da IEA, ƙungiyar ergonomi ta duniya, ta amince da ita a 2000 ta ƙunshi jiki da tunani da tsarin aiki. Dosiyen da ba komai a ciki sai ciwon baya yana nuna mutum ya ƙuntata. Ka sa abu ɗaya a kan aikin dare da miƙa aiki tsakanin ma'aikatan jinya, ko kan gajiyar direbobin hanyar Kano da Agadas, ko ka karanta ISO 45003 ta 2021 kan matsin rai a wurin aiki.

Ɗan Zango ya sake rubutawa:

Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya ƙara basira. Lissafin buhun nan ya buɗe min ido, musamman zancen raba kaya biyu. Saura abu biyu. Ina ake samun abin karantawa ba tare da kuɗi mai yawa ba, ga intanet ɗin namu yadda yake? Sannan rahotannin da nake yi wa masu wuraren aiki sirrinsu ne, yaya zan sa su a dosiye?

Injiniya na Mirya ya amsa:

Ɗan'uwa, na kyauta ya fi yadda ake zato yawa. Cibiyar INRS ta Faransa tana sakin ƙasidunta kyauta, da Faransanci, ana sauke su a karanta ba sai da intanet ba. Mujallun Activités da PISTES a buɗe suke ga kowa. Takardun NIOSH ma haka. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tare da IEA sun fitar da kundin duba wurin aiki mai maki 132 a bugu na biyu na 2010, da wani na aikin gona mai maki 100, duka kyauta, kuma gyare-gyaren da ke ciki masu araha ne irin waɗanda kafinta ko maƙeri zai iya yi a nan. Manyan mujallu masu tsada ana samun da yawansu ta shirin Research4Life, wanda cibiyoyin ilimi da na lafiya a Nijar ke da damar shiga, sai ka tuntuɓi ɗakin karatu na Jami'ar André Salifou. Ƙa'idojin ISO su ne masu cin kuɗi. A nan sai mutum ya zaɓi ɗaya ko biyu a shekara waɗanda aikinsa ya fi dogara da su.

Karatun kai yana da rauni guda, ba mai shaidarsa. Maganinsa a mayar da shi na taro. Ku uku kun isa: ku sa rana ɗaya a wata, awa 2, kowa da zagayensa na kawo maƙala ɗaya ya bayyana ta. A yi takarda mai kwanan wata da sunan maƙalar da sa hannun kowa da layi 5 na abin da aka tattauna. A shekara an samu zama 10 ko 12, awa 20 da ɗoriya, da shaida a hannu. Ku yi amfani da zaman ku gwada idonku ma. Ku kalli bidiyo ɗaya na tela a kan keke, kowa ya ba da makin RULA, ma'aunin haɗarin yanayin jiki wajen aiki, shi kaɗai, daga 1 zuwa 7, sannan a kwatanta. In ɗaya ya ce 4 ɗaya ya ce 6, a koma a ga inda aka rabu. Yawanci a kusurwar wuya ne ko wuyan hannu, kuma dalilin shi ne an ɗauki bidiyon a karkace maimakon daga gefe daidai tsayin gwiwar hannu. RULA ta 1993 ta hannu da wuya ce ga mai zama. Ga mai jima da ke sunkuye kan rami, ko mai jinya da ke juya marar lafiya, REBA ta 2000, mai duba jiki gaba ɗaya, ta fi dacewa, makinta daga 1 zuwa 15. Zaɓen ma'aunin da bai dace ba yana ɓata rahoto tun daga tushe.

Taron intanet kuma, ka zaɓi wanda ke bayar da takardar halarta, ka shiga da cikakken sunanka yadda yake a lambarka, don da shi ake tantance wanda ya halarta. Ka cika batir, ka tanadi layi na biyu, in hoto na yankewa ka kashe shi ka bar murya. Babban taron IEA duk shekara 3 ake yi, na 2024 a Jeju ta Koriya ta Kudu aka yi, na 2027 a Landan. Ba dole ba ne, ba hukumar da ta ce sai da shi. Kusa da mu akwai ƙungiyar ergonomi ta Najeriya, ga kuma bitocin da CNSS, asusun kare ma'aikata na Nijar, ke shiryawa kan rigakafin haɗurran aiki, da ranar 28 ga Afrilu ta lafiya da kariya a wurin aiki da ake yi tun 2003. Wanda ya gabatar da jawabi a irin wannan rana ya fi wanda ya zauna a kujera samun abin rubutawa.

Koyarwa ita ce hanya mafi sauƙi a nan. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45, ta tanadi kwamitin lafiya da kariya a wuraren aiki, kuma membobin waɗannan kwamitoci suna buƙatar horo. Ka shirya darasin awa 3, ka ajiye tsarin darasin da takardar sa hannun mahalarta da wasiƙar gayyata. In da Hausa ka koyar, ka faɗi haka a dosiye ka sa taƙaitawa da Faransanci. Nemo kalmomin da ɗan dako zai gane bambancin gajiya da ciwon da ke taruwa a hankali aiki ne na ƙwararre.

Zancen sirri: ba rahoton ake aikawa ba, taƙaitaccensa ne. Shafi 1 ko 2: me aka nema, wane awo ka yi kuma don me ka zaɓe shi, me ka gano, me aka gyara, me ya biyo baya. A cire sunan wurin, a ce "magaza mai ma'aikata kusan 30". A rufe fuska a hoto, a nemi yardar ma'aikacin kafin a ɗauka, da bakinsa da harshen da yake ji, a rubuta cewa an nema. Mai wurin ya ba ka wasiƙa gajera cewa ka yi aikin daga rana kaza zuwa rana kaza. Ka karɓe ta ranar miƙa rahoto, don bayan shekara 2 wataƙila an canza shugaba. Ka tuna ka sa hannu kan ƙa'idar ɗa'ar sana'a lokacin karɓar lamba, fallasa sirrin wanda ka yi wa aiki na iya cin lambar gaba ɗaya.

Kayan awo ma a sa musu ido. Na'urar auna ƙara a gwada ta da abin saiti mai desibel 94 kafin awo da bayansa, a rubuta duka biyun. In ba haka ba, adadin da ka kawo daga injin niƙa ba shi da madogara, ga shi desibel 3 kacal ke raba lokacin da aka yarda gida biyu: 85 awa 8, 88 awa 4, 91 awa 2. Manhajar waya ta isa a gane ko akwai matsala, ba ta isa a rubuta a rahoto ba.

Malam na Birni ya ƙara:

Injiniya ya kawo abin da ya dace, amma zan ɗan ja birki kan zaman wata-wata. Yana da amfani sosai, sai dai mutum uku da suka saba da juna suna iya tabbatar wa juna kuskure ɗaya shekara da shekaru. A cikin shekara 2 da suka rage ka samu aƙalla kwas ɗaya daga waje mai jarrabawa ko aikin da malami zai duba ya gyara, ko da ta intanet ne. Ka kuma aika ɗaya daga cikin taƙaitattun rahotanninka ga wani mai lamba irin taka da bai san ka sosai ba, ya karanta ya soke shi. Amsarsa ma shaida ce.

Ga yadda zan raba lokacin. Wata 2 na farko, ka tono shekaru 3 da suka wuce: saƙonnin waya, wasiƙun gayyata, hotuna masu kwanan wata, rasiɗai, ka cika littafin da abin da kake da hujjarsa kaɗai, abin da ba hujja ka bar shi. Daga nan za ka ga gidan da ke fayau. Awon zafi ka sa shi a Afrilu da Mayu, ka maimaita a farkon damina don kwatanci, lokacin sanyi kuma ka yi rubutu da karatu. Wata 6 kafin ranar rufewa ka daina tara sabo, ka koma haɗa dosiye, ka jera takardun da lamba yadda suke a littafin. Ka aika da sauran wata 2 a hannu, yadda in sun nemi ƙarin takarda za ka samu lokacin zuwa wurin wanda zai sa hannu. Abokinka mai ta Ingila kuma ka gaya masa kada ya bi wannan jadawalin, nasa duk shekara ne, ya duba ranar rufewar bana tun yau.